Yadda za ka yi nazarin littafin wanda ya tashi a gidan da aka kulle shi

Irin littafin nan da mutum yake rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, musamman wanda ya tashi a gidan da uba ko uwa suka rufe ƙofa suka hana yara cuɗanya da kowa, ba irin wanda za ka kwashe a dare ɗaya ka ajiye ba ne. In nazari za ka yi, ko don makaranta ko don kanka, ka nemi biro da ɗan littafin rubutu tukuna.

Abin da nake so ka fara kamawa, muryoyi biyu ne suke magana a ciki. Akwai yaron da abin ya faru a kan idonsa, shi a wajensa duk abin da babansa ya faɗa gaskiya ne tunda bai taɓa jin wata magana ba, sannan akwai babban da ya zauna bayan shekaru yana rubutawa bayan ya fita ya ga duniya. Ni abin da nake yi, duk inda yaron yake magana sai in sa Y a gefen shafi, inda babban ya shigo in sa B, kuma wallahi wajen da haruffan nan biyu suka haɗu a layi ɗaya nan ne za ka fi daɗewa.

Ɗauki littafin Educated na Tara Westover da ya fito a 2018. A jihar Idaho ta Amurka ta tashi, ba ta taɓa zama a aji ba sai da ta kai shekara 17, daga baya ta yi digirin digirgir a jami'ar Kambirij a 2014. Akwai wajen da ta ɗaga hannu a aji a jami'a ta tambayi ma'anar kalmar Holocaust, wato kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a yaƙin duniya na biyu, aji ya yi tsit, aka ɗauka raha take yi. Yarinyar kunya kawai ta ji. Babbar ce ta gane girman abin da aka hana ta sani. To irin wannan wajen kar ka wuce shi da sauri.

Daga nan sai ka bi sawun yadda ake juya mutanen gidan, kuma kar ka tsaya neman duka da tsawa kawai, ƙananan abubuwa ne suka fi nunawa. Wa yake riƙe kuɗi? Wa yake da ikon cewa a je asibiti ko kar a je? Takardu fa, ita Tara sai da ta kai shekara 9 ta samu takardar haihuwa. Wanda ya fi taɓa ni dai shi ne wa yake da ikon faɗin abin da ya faru jiya, don in aka yi ta ce wa yaro abin da ka gani bai faru ba, tun yana musu har ya daina yarda da idonsa. Abin ba ƙarami ba ne, a 2015 Ingila da Wales sun mai da irin wannan danniya tsakanin iyali laifi a doka ko da ba a taɓa jikin mutum ba.

Maganar tunawa kuma, a yi hattara. A 1974 wasu masana halayyar ɗan adam, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa mutane bidiyon karon mota, da suka canza kalma ɗaya a tambaya sai gudun motar da mutanen suka ce sun gani ya canza. Don haka in marubuci da ɗan uwansa sun saɓa a kan wa yake wajen ranar da aka ji ciwo, ba lallai wani ne ya yi ƙarya ba. Duba ko marubucin ya amsa hakan da kansa, Tara ta sa bayani a ƙasan shafi inda 'yan uwanta suka tuna daban, kuma ni hakan ƙara min yarda da ita ya yi.

Kar ka mai da iyayen dodanni tun a babi na biyu. Rubuta duk inda aka nuna so, domin shi ne yake sa fita ta yi wuya. In kuma labarin ya taɓo wani miki naka, rufe littafin ka huta, ka yi magana da wanda ka yarda da shi.

Da ka gama, koma babin farko da takardarka a hannu ka sake karanta shi, ka ƙirga Y nawa za ka goge ka mayar B.