Babi na Biyar: A Tambayi Kaɗan, a San Halin Masu Yawa

Darasi na 1: Jimilla da samfuri

Ku ɗauko littafin rubutu da fensir. A saman shafi ku rubuta tambayarku a layi ɗaya. Ga tamu ta yau: a cikin mutum 800 da ke rajistar wata makarantar manya, nawa ne suke iya karanta saƙon waya da kansu?

Waɗannan mutum 800 su ne duk waɗanda tambayar ta shafa. Za mu riƙa kiransu jimilla. Wanda babu sunansa a rajista ba ya cikin jimilla, ko da kullum yana zuwa rakiyar ɗan'uwansa. Jimilla ba dole ta zama mutane ba: tana iya zama ƙwayayen lantarki da masana'anta ta ƙera a rana ɗaya, ko itatuwan da ke cikin daji.

Bin mutum 800 ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci da kuɗi. Sai mu ɗebi 100 daga cikinsu mu tambaya. Waɗannan 100 su ne samfuri. Likita ma jini kaɗan yake ɗiba ya gane abin da ke jikin mutum duka. Ku rubuta: jimilla 800, samfuri 100. Idan kun rubuta haka, madalla, kun fara da kyau.

Darasi na 2: Ɗibar samfuri

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Kada kowa ya ji kunya idan sai ya maimaita.

Dokar ita ce: ba ku ne za ku zaɓa ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa. Kowane suna a rajista ya samu dama daidai da ta ɗan'uwansa.

Ku ba kowane suna lamba, daga 1 zuwa 800, kada ku tsallake ko ɗaya. Ku yanka takardu 800, girmansu ɗaya, ku rubuta lamba ɗaya a kowace. Ku raba aikin a tsakaninku don ya yi sauri. Ku ninke su ninki iri ɗaya, domin takardar da ta fi girma ko ta buɗe ita hannu yake fara kamawa. Ku zuba su cikin jaka, ku girgiza sosai har na ƙasa su dawo sama. Mutum ɗaya ya kau da kai, ya sa hannu, ya zaro ɗaya. A rubuta lambar, a ajiye takardar gefe. A sake girgizawa, a sake zarowa, har a cika 100.

Yanzu ku saurara da kyau. Lambar da ta fito, ta fito. Idan ta faɗa kan wanda gidansa ke da nisa, shi za a je wa. Idan ta faɗa kan wadda ba kwa ga maciji da ita, ita za a tambaya. Ba a mayar da takarda a ce a sake. Ba ku ne za ku zaɓa ba, ƙuri'a ce.

Me ya sa? Idan kuka tambayi masu zama a layin gaba, ko masu zuwa da wuri, kun ɗebi masu ƙwazo zalla, amsarku za ta yi sama fiye da gaskiya. Idan kuka ce duk mai so ya ɗaga hannu a tambaye shi, wanda bai iya karatu ba zai sunkuyar da kai, ba zai shiga lissafi ba. Wannan shi ake kira karkata, kuma ƙara yawan mutane ba ya gyara ta. A 1936 a Amurka, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi wajen miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce ɗan takara Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Amma abokin takararsa, Roosevelt, shi ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye da yawa ne daga jerin masu tarho da masu mota, sannan waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa.

Idan kun je ba ku sami mutum ba fa? Ku koma gobe. Ku sake komawa jibi. Kada ku tambayi maƙwabcinsa ku cike gurbi. Na faɗa, ina kuma ƙara faɗa, domin duk aji sai an sami mai yin haka a ɓoye yana ganin wayo ya yi. Ba wayo ba ne, ɓata aikin ajin gaba ɗaya ne. Wanda ya gaji ya faɗa a sauya shi, amma kada ya sauya suna. Ku rubuta a littafinku sau uku: ƙuri'a ce take zaɓa.

Idan yanka takardu 800 ya yi yawa, akwai hanya ta biyu. Ku raba 800 gida 100, ya ba da 8. Ku yi ƙuri'a tsakanin 1 zuwa 8 kawai. Idan 3 ta fito, ku ɗauki na 3, na 11, na 19, kuna ƙara 8 har ƙarshen rajista. Lambar farkon ma ƙuri'a ce za ta ba ku, ba son rai ba.

Darasi na 3: Daga samfuri zuwa jimilla

A ce mutum 35 cikin 100 sun iya karanta saƙon. Wato kashi 35 cikin ɗari. A 800 akwai ɗari sau 8, don haka 35 sau 8 ya ba da 280. Wannan shi ne ƙiyasi. Ku rubuta "kimanin 280". Kalmar kimanin dole ce, domin ba kowa kuka tambaya ba, kuma da za a sake ƙuri'a wata lambar za ta iya fitowa, 32 ko 39.

Darasi na 4: Girman kuskure

Samfurin 100 yana iya kaucewa da kimanin kashi 10 sama ko ƙasa, wato tsakanin mutum 200 da 360 a misalinmu. Idan jimilla tana da girma sosai, na 400 da kimanin kashi 5, na 1,000 da kimanin kashi 3. Don rage kuskure da rabi sai an ninka samfuri sau huɗu. Wannan lissafi yana aiki ne kawai idan da ƙuri'a aka ɗiba.

Darasi na 5: Aikin gida

Jimilla 600, samfuri 100, mutum 20 sun ce e. Ku nemo ƙiyasin, ku kuma rubuta yadda kuka ɗebi samfurin.