Yadda ake magance matsin wurin ribiti yayin ƙarfafa wutsiyar jirgin sama ƙirar gida

A Janairun 2014 kamfanin Van's Aircraft da ke Aurora a jihar Oregon ta Amurka ya fitar da sanarwa mai lamba SB 14-01-31 ga masu jiragen RV-6, RV-7 da RV-8, waɗanda mutane ke sayen sassansu su harhaɗa a gareji. An samu tsaga a ƙashin gaba na shimfiɗaɗɗiyar wutsiya, kusa da haƙarƙarin ciki, kuma gyaran shi ne a ɗora faranti na biyu a kan ƙashin. Aikin kamar mai sauƙi ne a takarda. Wahalar tana zuwa ne da yake sabon farantin zai zauna a wurin da dama cike yake da ramuka, lanƙwasa da leɓɓan haƙarƙari, sai a ga ribiti ba shi da wurin zama.

Kafin ka taɓa diril, ka gane wane irin matsi ne a gabanka, domin iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai ramin ya matso bakin faranti, ko kan ribitin ya hau lanƙwasa ko wani ƙarfe, ko kuma ramin daidai yake amma kayan aiki ba sa isa gare shi.

Na farkon shi ne mai haɗari. Ƙa'idar da littafin AC 43.13-1B na FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ya bayar ita ce tazara daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti kada ta gaza kaurin ribiti sau 2, tsakanin ribiti da ɗan'uwansa kuma kada ta gaza sau 3. A wannan sashe ribitin da aka fi amfani da shi shi ne AN470AD4, mai kaurin inci 1/8. Ke nan kana buƙatar inci 1/4 zuwa baki, da aƙalla inci 3/8 tsakanin ramuka biyu. A auna daga tsakiyar rami, ba daga gefensa ba, kuma a auna kowane ƙarfe da ribitin zai ratsa. Nan mutane ke faɗawa: su auna farantin da suke gani, su manta da leɓen haƙarƙarin da ke bayansa, wanda shi ne mafi siranta kuma shi ne zai yage.

Saboda haka ka ja layin inci 1/4 a gefen kowane sashe da alƙalami mai tawada. Kada ka yi da fensir, baƙinsa yana jawo wa alminiyam lalacewa, kada kuma ka karce da tsini, domin karce mafarin tsaga ne. Ka ɗaure farantin da kilam, ka leƙa ta tsofaffin ramukan. Idan kana hango layin ta cikin rami, ko ramin ya wuce layin ta ɓangaren baki, tsaya, ka gyara zaman farantin tukuna. In ya yi, ka fara hudawa da bakin diril mai lamba 40, ka sa Cleco (maƙalin wucin gadi da ke riƙe faranti ta cikin rami), ka sake dubawa, sannan ka faɗaɗa da mai lamba 30. A inda babu tsohon rami, ƙaramin ramin yana ba ka ɗan sararin jan tsakiyar zuwa inda kake so. Tsofaffin ramuka su za su ja ragama, daga cikinsu za ka huda sabon farantin, kuma diril ya tsaya cak, don in ya karkata ramin zai fito a baya kusa da baki ko da a gaba ya yi kyau.

Cire tsofaffin ribiti shi ke ɓata ramuka fiye da komai. Ka bi ɗan ɗigon da ke tsakiyar kan, ka huda zurfin kan kawai, ka sa ƙarfe ka karya shi, ka tokare baya sannan ka fitar da jikin. Idan rami ya yi ƙwai, abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya koma ribiti mai inci 5/32 da bakin diril mai lamba 21. Ka yi lissafi tukuna: tazarar bakin da ake buƙata ta tashi zuwa inci 5/16. A wurin da dama a matse yake, babban ribiti ƙara matsalar yake yi. Haƙarƙarin da ramin leɓensa ya lalace gara a sauya shi, kuɗinsa bai kai na wutsiya ba.

Matsi na biyu, kan AN470AD4 faɗinsa ya kai kusan inci 1/4, kuma dole ya zauna a fili daram. In gefensa ya hau lanƙwasar ƙarfen kusurwa, zai zauna a karkace, ya danne gefe ɗaya ya bar ɗayan, ya kuma yi wa lanƙwasar rauni. Wani lokaci juya ribitin ya isa, tunda faɗin kan da ake bugawa a ɗaya ƙarshen inci 3/16 ne kawai. A al'ada kan kamfani, wato wanda ribitin ya zo da shi, yana zama ta wajen ƙarfen da ya fi siranta, don haka ka lura kada siririn leɓe ya ɗago. Inda wani sashe zai kwanta a kan ribitin, ana amfani da mai shafaffen kai, AN426, mai kusurwar digiri 100. Amma yanka masa gurbi yana buƙatar farantin ya kai kaurin inci 0.050 ga girman AD4. Ƙasa da haka bakin ramin zai zama kamar wuƙa ya yanke jikin ribitin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne goge ƙashi ko lanƙwasa da magagari don kai ya samu wuri. Ƙarfen da ka zo ƙarfafawa shi kake ragewa. In sanarwar ta ce a rage leɓen haƙarƙari, a bi awonta daidai, a zagaye kowace kusurwa, a goge ta sumul har farce ba ya kamawa.

Tsawon ribiti ma ya canza. Ka tara kaurin duk abin da zai ratsa, ka ƙara kaurin ribitin sau 1.5. Lambar da ake sawa a ƙarshen sunan ribiti ita ce tsawonsa, tana ƙirga kashi 1/16 na inci, don haka faranti mai kaurin 0.063 yana ƙara lamba ɗaya. Gajere ba ya ba da kai, dogo kuma lanƙwashewa yake yi ya kwanta. Kan da aka buga mai kyau faɗinsa kaurin ribiti sau 1.5, tsayinsa rabin kaurin.

Na uku, rashin isar kayan aiki, mafi yawansa tsarin aiki ke warware shi. Ka haɗa komai da Cleco, ka gwada sa ƙarfen tokara, wanda ake riƙewa a bayan ribiti yayin bugu, da bakin bindigar iska ta buga ribiti a kan kowane rami tun ba ka buga ko ɗaya ba, ka rubuta jerin. Na lungu su fara, tun kafin haƙarƙari ya rufe hanya. Awartakin matse ribiti mai siririn muƙamuƙi marar rami yana shiga kusa da leɓe. Ƙarfen tokara na tangistin ƙarami ne amma da nauyi, yana shiga inda na ƙarfe ba ya shiga. Lanƙwasasshen bakin bindiga yana juyawa ya dagargaza kai, don haka ka naɗe shi da tef, ka ɗan ƙara iska, ka fara gwadawa a guntun faranti mai kauri iri ɗaya.

In babu yadda za a tokare baya, akwai ribitin ja na CherryMax, misali CR3213. Ba irin na kasuwa da ake haɗa taga da shi ba ne, kuma yana son rami daidai girma da tsawo daidai kaurin ƙarafan. A wannan sashe kada ka sa shi, ko ƙusa mai noti ta AN3, ko ka amince da tazarar da ta gaza inci 1/4, sai ka aika wa masu zanen jirgin hoto da awo sun amsa a rubuce. Ka ajiye amsar a littafin jirgin, tare da wurin ramin da awon da ka samu, domin a duba shi da tocila da madubi a binciken kowace shekara.