Yadda zaka gyara filtar maganaɗisu ta boila idan ta fara yoyo

Farkon shigowar sanyi na buɗe kabad ɗin da boila take ciki, wato na'urar dake dafa ruwan ɗumama gida, sai naga katakon ƙasa ya jiƙe har ya kumbura, agogon firesha kuma ya sauko ƙasa da bar 1 (bar shi ne ma'aunin firesha), gashi dama kwana biyu ina ta ƙara ruwa yana sake sauka ban kawo komai a raina ba. Ashe filtar maganaɗisu ce take ɗiga ɗis ɗis ta gefen murfi. Ita wannan filta aikinta ɗaya ne, ruwan da yake zagaya radiyeta, wato ƙarafan dake ɗumama ɗakuna, a hankali yana cin ƙarfen ciki sai ya tara wata baƙar laka kamar garin gawayi da aka jiƙa, toh maganaɗisun shi yake kama lakar kafin ta shiga famfo da cikin boila ta toshe su, shi yasa ake ɗaura ta a bututun da yake dawo da ruwa. MagnaClean ta kamfanin Adey da TF1 ta Fernox su zaka fi gani a gidaje, galibi akan bututu mai milimita 22.

Kafin ka ɗauki sifana dan Allah ka fara gano daga ina ruwan yake fitowa, anan ne mutane suke ɓata lokaci wlh, dan ruwa yana bin jikin abu ya gangaro ya ɗiga a wani wuri daban kai kuma ka zata nan ne matsalar. Goge filtar tas da tawul, bututun sama da na ƙasa duka, sannan ka yagi tishu ka nannaɗa a bakin murfi, da kan ɗan bawul ɗin fitar da iska, da noti-notin da suka haɗa ta da bututu, kaje kayi wani abu na ɗan lokaci ka dawo. Wanda ya fara jiƙa daga can sama shi ne mai laifin. Idan kuma kaga ruwan daga cikin boilar kanta yake sauka yana zuba akan filtar toh ka tsaya nan, karka cire murfin boila, aikin mai gas ne, a Birtaniya ma doka ce sai wanda yake da rajistar Gas Safe, wato ta ƙwararrun masu aikin gas, yake taɓa ɓangaren gas.

Yawanci dai murfin filtar ne, wato zoben robar dake ƙarƙashinsa ya tsufa ya baje ko wani ɗan tsakuwar datti ya maƙale a kai tun ranar da aka yi sabis. Kashe boila ka bari ta huce sosai, ruwan ciki yana kai digiri 70 ko fiye kuma bai san wasa ba. Rufe bawul guda biyun nan na gefenta, na shiga da na fita, ka shimfiɗa tsohon tawul ka tara roba a ƙasa, kuma ka janye kafet daga wurin dan baƙin ruwan nan idan ya taɓa yadi ya zauna kenan. Sassauta bawul ɗin iska tukuna firesha ta fita, idan taka tana da wurin tsiyayar da ruwa ta ƙasa ka buɗe shi, sannan ka sa sifanar da ta zo da ita ka kwance murfin. Idan kaga ruwa ya ƙi tsayawa yana ta zuwa da ƙarfi bayan ka rufe bawul, maida komai yadda yake, bawul ɗin baya riƙewa kenan.

Zaro maganaɗisun, zakaga lakar ta lulluɓe shi kamar an shafa masa kwalta, wanke shi tunda dai ka riga ka buɗe. Yana da ƙarfi fa, ka ajiye waya da katin banki nesa, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuma ya bar wa wani aikin.

Yanzu ciro zoben da farce ko wani abu na roba, banda sukundireba dan zai karce mazauninsa. Riƙe shi a haske ka ɗan ja shi, idan kaga tsaga ko ya zama fale-fale maimakon zagaye ya gama aiki. Sayi sabo na ainihin samfurin filtarka, karka ce wannan yayi kama da shi, bambancin da ido baya gani ya isa ya dawo da kai gidan jiya. Goge ramin da yake zama da kuma zaren murfin, wato tsagin da ake murɗa shi a kai, har kaji ba ko ƙwayar yashi, shafa masa giris ɗin silikon kaɗan, amma banda bazilin ko man mota dan suna kumbura irin wannan roba su lalata ta.

Wurin ɗaurewa nan nayi tawa wautar. Da naga ɗigon farko ban canza komai ba, sifana kawai na kama na danna da iya ƙarfina ina cewa yau sai ka tsaya, washegari yoyon ya ninka dan na murƙushe robar, Allah ya taimake ni jikin filtar bai tsage ba tunda da yawansu na roba ne mai tauri. Zoben ne yake tare ruwa ba ƙarfin damtsenka ba. Juya murfin da hannu kaji ya hau zare daidai yana tafiya sumul har ya tsaya, sai ka ɗan taɓa shi da sifana kaɗan, shikenan.

Idan noti ne yake tsatsafa, riƙe jikin bawul da sifana ɗaya ka juya notin da ɗayar kamar kwatan zagaye, kar ya wuce haka. Ya ƙi tsayawa toh ɗan zoben tagullar dake matse bututun ne, kuma indai ta ɓangaren bututu yake rufe bawul bazai taimake ka ba sai an tsiyaye ruwan layin gaba ɗaya. Haka idan ta jikin hannun bawul yake fitowa, canza shi ake yi. Tsaga a jikin filtar kuwa manta da gam, zafi da firesha zasu ɓalle shi, sabuwa kawai.

Buɗe bawul ɗin a hankali ɗaya bayan ɗaya, sassauta na iska har hucin ya ƙare ruwa ya leƙo ka rufe, sannan ka ƙara ruwa ta ɗan tiyon cikawa har agogo ya nuna tsakanin bar 1 da 1.5 boila na sanyi, ka tabbata ka rufe shi gam. Idan ka daɗe kana ƙara ruwa irin yadda nayi ka zuba maganin hana tsatsa, dan duk sabon ruwa da iskarsa yake shigowa ya tsinka maganin dake ciki, lakar ta ƙaru. Kunna boila tayi zafi sosai ka duba, ta huce ka sake dubawa dan wani yoyon sai abu ya huce yake nuna kansa, ka bar busasshen tishu a ƙarƙashinta ya kwana da safe ka leƙa.