Yadda ake ɗauko fim a kalla a gida ba a yi asarar kuɗi da dare ba

In ka tsaya bakin shagon mai turi a Tudun Wada ko Rigasa ranar Juma'a da yamma, abu ɗaya za ka yi ta gani. Mutum ya miƙa memori ya ce, "Malam, a zuba min sababbi guda biyar masu zafi." Ya biya, ya jefa a aljihu, ya tari Keke. Washegari sai ga shi ya dawo rai a ɓace: ɗaya ba murya, ɗaya ya yanke a tsakiya, ɗaya kuma ashe ya taɓa kallo da wani suna. Mai shago ya rantse lafiya lau ya tura. Kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa, don shi turi aka ce ya yi, ba a ce ya duba ba.

Mu da muka taso zamanin kaset mun san haya ta gaske. Bayan an fara fina-finan bidiyo na Hausa a Kano a 1990, kusan kowace unguwa a Kaduna ta samu shagon haya. Ka karɓa da yamma, ka dawo da shi gobe, in ka ƙara kwana ka ƙara kuɗi. Daga nan faifan CD ya shigo da ƙarzuwarsa da maƙalewarsa. Yanzu hayar ta sauya kama: ko ka je wurin mai turi, ko ka biya manhaja kuɗin wata, ko ka kalla a YouTube, inda data ce kuɗin hayar. Duk wadda ka bi, dare ɗaya kake saye, kuma shi ne ba a dawo maka da shi.

Kafin ka fita, ka san su wa za su kalla, kuma a me. Fim ɗin da za ka kalla kai kaɗai a waya daban yake da wanda za a sa a talabijin a falo, ga Hajiya ga yara ga ƙanwar matarka. Fim ɗin gida da ke da tambarin hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, yakan zo da alamar shekaru, irin su 15 ko 18, kuma Kano tana da tata hukumar tun 2001. Amma yawancin na waje da ke cikin kwamfutar mai turi ba su bi ta hannun kowa ba. Ko fassarar Hausa aka yi masa, murya aka sauya, hoton yana nan yadda masu shi suka ɗauka.

Wajen zaɓe, kada ka tambayi mai shago wanne ne mai kyau. A wurinsa duk fim mai zafi ne. Kada kuma fosta ko tallan minti biyu su ruɗe ka, ai mafi daɗin wurare ake tsamowa a haɗa. Ni sunan darakta da marubuci nake bi, ba fuskar jarumi ba, domin jarumi ɗaya yana iya fitowa a fim goma a shekara, uku masu kyau, bakwai na neman kuɗin cefane. In ba ka san daraktoci ba, nemi mutum ɗaya da kuka taɓa yaba fim ɗaya kuka kushe fim ɗaya, ka riƙa tambayarsa. Kuma biyu sun isa. Wanda ya ɗebo biyar ba ya gama ko ɗaya, yana ganin wuri ya ɗan yi sanyi sai ya tsallaka na gaba.

To, ga inda kowa ke faɗuwa, kuma nan ne ni ma na sha ƙasa. Wata Babbar Sallah na je wani shago a hanyar Kawo na karɓo fim mai kashi biyu, don 'yan uwa sun zo mana daga Zariya. An ci nama an ƙoshi, an shimfiɗa tabarma, na tayar da janareta da man da na saya da tsada. Kashi na ɗaya ya tafi lafiya, ya tsaya daidai inda ake shirin ɗaura aure. Na danna kashi na biyu, sai ga na ɗaya ya sake farowa. Abu ɗaya aka tura min sau biyu, aka sauya lamba kawai. Ƙarfe goma na dare, shago a rufe. Har yau in mun haɗu sai ƙanin babana ya tambaye ni ko an ɗaura auren.

Tun daga ranar ba na barin bakin shago sai na gwada, ko da layi ya kai titi. Ga yadda nake yi. A wayata nake buɗewa, ba a kwamfutarsa ba, domin kwamfuta tana karanta abin da waya da talabijin ba sa iyawa. Sai na duba tsawon fim ɗin tukuna. In ka ga minti 40 ko 50 alhali an ce maka cikakken fim ne, to gutsure aka ba ka, tambayi kashi nawa ne, ka buɗe kowanne ka ga farkonsu ya bambanta. In mai dogon zango ne, ƙirga lambobin da idonka: 1, 2, 3, 5, an tsallake 4 ke nan, kuma galibi a nan abin ya faru.

Bayan haka ka ja shi wuri uku: wajen minti na 10, tsakiya, da minti biyar na ƙarshe. Ƙarshen ya fi muhimmanci, don turin da ya katse yakan buɗe lafiya ya mutu a can. A kowane wuri ka sa abin ji a kunne, ka zuba wa bakin mai magana ido. In murya ta riga baki ko ta biyo baya, ajiye shi, wani lokaci abin ƙaruwa yake yi yayin da fim ke tafiya. In na fassara ne, saurara ko muryar mai fassara ta danne komai, har ba a jin kiɗa da ƙarar mota. Wasu haka suke so. Ni ba na karɓa.

Duba nauyinsa ma. Fim ɗin awa biyu da bai kai 200MB ba, zai yi kyau a waya, amma a talabijin fuskoki za su dagule kamar an shafa musu koko. In na falo ne, ka ce a ba ka mai ingancin hoto 720p, ko aƙalla 480p. Sabon fim ɗin waje da ya fito a silima makon jiya kuwa, kusan tabbas a cikin silima aka ɗauke shi da kyamara: hoto a karkace, ana jin tari da dariya, wani lokaci kan mutum ya gifta, ga tallan caca yana yawo a sama. Haƙuri da wata biyu ya fi.

Sai batun filash, wanda ba wanda ke faɗa wa sabon shiga. Ka ce a tura maka fayil nau'in mp4. Ƙananan talabijin da yawa in suka ga mkv sai su nuna hoto ba murya, ko su ƙi buɗewa sam, alhali a waya da manhajar VLC yana tafiya sumul. Da yawansu kuma sai filash mai tsarin FAT32 suke gani, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Ka yi hattara da memorin bakin titi mai araha da aka rubuta wa 64GB. Wasu cikinsu bai kai haka ba, za su nuna sun karɓi komai, ka je gida ka tarar rabin ba ya buɗewa. Ka sayi mai kyau guda ɗaya, ka ware shi don fim kaɗai. Wayar da ke da hotunan iyalinka ba ta da abin yi a jikin kwamfutar da mutum ɗari suka jona yau.

Duk wannan bai fi minti huɗu ba. Mai shagon kirki ba ya jin haushi, wanda ya fara tsaki ka sauya shago.

Wata magana a gefe: in fim ɗin Hausa ne kuma masu shi sun ɗora a tasharsu ta YouTube, can ya kamata ka kalla, don ko ba komai tallan da ke ciki yana kai musu wani abu, turi kuwa sau tari ba ya kai musu ko sisi. Ka sauke shi da datar dare a 480p, ka kalla gobe ba tsayawa. In manhaja ka biya, duba ko za ta sake cirar kuɗi da kanta ƙarshen wata. Irin su Apple da Amazon masu hayar fim ɗaya-ɗaya sukan ba da kwana 30 kafin ka fara, da awa 48 bayan ka danna, don haka kada ka buɗe "don ka leƙa" ranar Talata alhali Asabar za ku kalla.

A gida ba wani dogon bayani. Gwada filash ɗin a talabijin da rana, yi caji, tanadi mai in ba ka da sola, kuma a fara bayan Isha'i don kada a yi ta tsayarwa.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Kada ka yanke hukunci a daren, waƙar ƙarshe tana kunnenka. Bari sai da safe wajen shayi, ka gwada ba wani labarin a taƙaice. In ka iya, har ya ce "sai me ya faru?", fim ne. In abin da ka tuna kayan jaruma ne da gidan da aka yi ɗauka, tallan atamfa ka kalla. Ina kuma ƙirga sau nawa na ɗauki waya, da sau nawa aka ce "a wuce nan". Fiye da uku, ya faɗi. Sai ƙarshen: daga cikin labarin ya fito, ko marubuci ya rasa mafita ya kawo haɗarin mota, ko a ce wai duk mafarki ne? Waɗannan biyun na ƙarshe ba na yafe su, ko da an kashe miliyoyi a ɗauka.

Mai dogon zango fitowa uku nake ba shi. In an kai ta uku har yanzu ana zaune a falo ana maimaita maganar da aka yi a ta ɗaya, na sauka, don na san haka za a ja ni har fitowa ta 40. A bayan wani tsohon littafin lissafi nake rubuta sunan daraktan, da alamar eh ko a'a a gabansa. Wanda ya tara a'a biyu, in mai turi ya ce "Alhaji, ga sabon nasa ya shigo", sai in ce ya bar shi a kwamfutarsa.