Yadda Za Ka Zaga Tafkin Janiba da Gonakin Inabin Lavaux Ko Da Ba Ka Shan Giya

Mutanenmu da yawa na zuwa Janiba ta ƙasar Siwizalan: wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya kai shi, wani na Hukumar Lafiya ta Duniya, wani karatu. Sai a tashi taro ran Juma'a, jirgin komawa gida sai Litinin, mutum ya kwashe kwana biyu daga ɗakin otal sai kantin agogo. In ka ce masa ya leƙa Lavaux, yankin gonakin inabi a bakin tafkin Janiba, sai ya ce ai ya ji labari, yankin masu giya ne, me zai kai shi? Ni ma haka na ce da farko. Da na je sai na tarar giyar na can cikin rumbunan ƙasa, wanda ya neme ta shi ke ganinta. Abin da ke fili kuwa dutse ne da mutane suka sassaƙa da hannu suka mayar gona, ga ruwa shuɗi a ƙasa, ga duwatsun Faransa a tsallake. Ga yadda za ka tsara tafiyar.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci, ka gyara takardu

Daga Mayu zuwa tsakiyar Oktoba ne lokacin zuwa. In da hali ka nufi ƙarshen Satumba, lokacin tsinkar inabi, ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, gonaki cike da ma'aikata. A hunturu itacen inabin tsirara yake, jiragen ruwa ma sun rage zirga-zirga. Siwizalan na cikin yankin Shengen, don haka bizar da ta shigar da kai Janiba ta ishe ka har ka tsallaka Faransa, amma kada fasfo ya bar aljihunka. Kuɗinsu faran ne na Siwizalan, ba yuro ba. Faransanci ake yi a wannan ɓangaren ƙasar, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sai su yi ta ciniki kamar a gida, mu 'yan Najeriya mu lallaɓa da Turanci, ana ji.

Mataki na 2: Bar Janiba, ka sauka a Lozan ko Vevey

Janiba na can ƙarshen tafkin ta yamma, inda kogin Rhône ke fita. Kalli ruwan nan da suke harbawa sama mita 140, ka ɗauki hoto, ka wuce. Tafkin, wanda mutanen wurin ke kira Léman, tsawonsa ya kai kilomita 73, zurfinsa a wani wuri mita 310, kuma daɗinsa na gabas. Jirgin ƙasa zai kai ka Lozan cikin kamar minti 40. Zauna a hannun dama, nan tafkin yake. Ni na zauna a hagu ranar farko, na yi ta kallon katanga da bayan gidaje, ina mamakin me ake yabo.

Sayi tikiti kafin ka shiga, a na'urar tasha ko ta manhajar SBB Mobile. Shiga ba tikiti tara ce mai zafi, kuma mai duba tikiti ba ya sauraron "ni baƙo ne". In za ka yi kwanaki kana yawo, lissafa ko Swiss Travel Pass zai fi maka sauƙi, domin ya haɗa jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa da gidajen tarihi da yawa. Otal-otal na Lozan da na yankin Montreux da Vevey na ba baƙonsu katin hawa bas da jirgin cikin gari kyauta. In an manta ba a ba ka ba, tambaya.

Mataki na 3: Taka gonakin da ƙafarka

Wannan shi ne tuwon, sauran duk miya ce. Lavaux, ana furta shi "Labo", gangare ne mai kimanin kilomita 30 tsakanin Lozan da Montreux, da hekta wajen 830 na inabi. Tun ƙarni na 11 da na 12 'yan zuhudun Kirista suka fara sare dajin gangaren suna ɗora katangun dutse hawa-hawa don ƙasa ta tsaya, jikokin manoman da suka gaje su kuma har yau suna gyara katangun nan in sun tsage. UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2007. Wanda ya san Sukur a Adamawa, wadda ta shiga wannan jeri tun 1999, zai gane dabarar nan take: manomin da Allah ya ba dutse maimakon fadama.

Manoman wurin suna cewa rana uku ce ke nunar musu da inabi. Ta ɗaya ta sama. Ta biyu hasken da tafkin ke maidowa kan gangaren kamar madubi. Ta uku zafin da katangun ke sha da rana su saki da dare. Kada ka ɗauka zance ne kawai. Da la'asar sakaliya ka ɗora tafin hannunka a kan katanga, za ka ji ta da ɗumi kamar bangon ɗakin da aka yi girki. Irin inabin da suka fi shukawa fari ne, sunansa Chasselas, ƙananan 'ya'ya masu launin zuma in sun nuna.

Dabarar tafiyar ita ce ka fara daga sama ka gangaro, kada ka yi akasin haka sai in gwiwarka ta ƙarfe ce. Daga Vevey akwai ɗan jirgin ƙasa da ke hawa ta cikin gonaki zuwa Chexbres. Sauka nan, ka gangaro zuwa Rivaz ko Saint-Saphorin, bai kai awa guda ba in ba ka tsaya ɗaukar hoto ba, amma za ka tsaya. Daga Lozan kuma kana iya sauka a Grandvaux ka gangaro Cully. Mai ƙarfi ya bi doguwar hanya daga Saint-Saphorin zuwa Lutry, kusan kilomita 11, awa uku zuwa huɗu, ta gonakin Dézaley inda gangaren ya fi tsanani, sannan Epesses da Riex. Kusan kowane ƙauyen bakin ruwa na da tasharsa, in ka gaji sai ka sauko ka hau jirgi.

A Dézaley na tsaya na kalli wani abu da ban taɓa gani ba: dogo ƙwaya ɗaya siriri, a kansa ɗan inji da kujera guda da akwatunan inabi a jere, yana hawa gangaren da akuya ma sai ta yi shawara. Motar noma ba ta shiga nan. Abin da injin bai ɗauka ba, a bayan mutum yake hawa matakalar dutse.

Sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki hula, domin inuwa ta yi ƙaranci. Riƙe gora, ƙauyukan na da famfunan dutse da ruwansu ke shawuwa, sai wanda aka rubuta wa "eau non potable". Kada ka tsinki inabin mutane, ko ƙwaya ɗaya, gonar wani ce. Mai tafiya da tsofaffi ko yara ya nemi Lavaux Express, wata mota mai jan taragu da ke tashi daga Lutry da Cully a watannin zafi.

Mataki na 4: San abin da za ka ce in an miƙo maka kofi

Ƙauyukan na da ɗakunan ɗanɗana giya, ba mai jan ka ciki. In tafiyar rukuni ce aka shiga da kai, ka ce "jus de raisin, sans alcool", wato ruwan inabi marar barasa. Masu gonaki da dama na matse shi su sayar a kwalba, kuma ban ga wanda ya ɗaga gira don an nema ba.

Inda ake faɗawa rami shi ne abinci. Fondue, narkakken cukun nan da ake tsoma burodi, da farar giya ake dama shi, wani lokaci har da ƙarin barasa mai ƙarfi. Wani gidan abinci na taɓa zama na yi oda, ƙamshin da ya taso daga tukunyar ne ya sa na tambaya, na biya kuɗin abin da ban ci ba. Papet vaudois, abincin gargajiyar yankin, da tsiren alade ake kawo shi. Wasu cakulan ma da barasa a cikinsu, duba kwalin. Abin da ya fi kwanciyar hankali kifin tafki ne, filets de perche, soyayye da man shanu da dankali, sai dai ka ce kada a sa giya a romon. Kalma biyu za ka haddace: "sans porc", "sans vin". Lozan da Vevey na da shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal, yawanci kusa da tasha.

Sallah kuwa, Janiba na da babban masallaci a unguwar Petit-Saconnex tun 1978, Lozan ma na da nata ƙasa da tashar jirgi. A ƙauyukan gona babu, sai ka tafi da ƙaramar darduma. Ka lura a watan Yuni magariba na kai wa tara da rabi na dare.

Mataki na 5: Koma ka kalli gangaren daga ruwa

Kamfanin CGN na da tsofaffin jiragen ruwa takwas masu ƙafar tuƙi a gefe, waɗanda aka ƙera tsakanin 1904 da 1927, wasunsu har yau da tururi suke tafiya. Hau ɗaya daga Cully ko Vevey zuwa Chillon. Shiga tsakiyar jirgin ka leƙa ƙasa: injin a buɗe yake, manyan sandunan ƙarfe na kai da komo suna ƙyalli da mai. Daga kan ruwa ne za ka ga girman aikin katangun, layi bisa layi har sama. Duba jadawalin jirgin ƙarshe tun da safe.

Chillon tsohuwar fada ce a kan dutse cikin ruwa, ta sarakunan Savoy, wadda ta tsare hanyar fatake zuwa Italiya tana karɓar kuɗin fito. Sauka kurkukun ƙasa ka ga ginshiƙan da aka ɗaure fursunoni. A wannan fada aka tsare François Bonivard, wani malamin coci na Janiba mai adawa da sarakunan Savoy, daga 1530 har 1536, lokacin da mayaƙan birnin Bern suka ci fadar suka sake shi. Awa biyu ta isa.

Mataki na 6: Cike sauran lokacin da garuruwa

Vevey ce hedikwatar Nestlé, masu Nido da Milo da Maggi da ke kicin ɗinmu. A nan Henri Nestlé ya fara haɗa garin abincin jarirai a 1867, a nan kuma Daniel Peter ya haɗa cakulan da madara a 1875. Akwai gidan tarihin abinci, Alimentarium, da ƙaton cokali mai yatsu na mita 8 a tsaye cikin tafki a gabansa. Kasuwar gari na ci Talata da Asabar da safe, can za ka sayi inabin ci da cuku. Bikin manoman inabi na garin sau ɗaya ake yi a kusan shekara ashirin, na ƙarshe a 2019, kada ka sa rai.

Montreux ta fi kyau da yamma, a bi bakin ruwa cikin furanni. A Yuli bikin kiɗanta, wanda aka fara a 1967, na cika garin har masauki ya yi wuya. In sama ta yi garau, hau jirgin dutse zuwa Rochers-de-Naye, tsauni mai tsayin mita 2,042, ka ɗauki rigar sanyi ko da ƙasa ana gumi. In da gajimare, adana kuɗinka.

A Lozan akwai gidan tarihin Olamfik a Ouchy, bakin ruwa, daga nan kuma jirgi na tsallakawa Évian ta Faransa cikin minti 35. Ran Lahadi kantuna a rufe suke sai na tasha, don haka yi tsarabarka ran Asabar. Daren ƙarshe ka hau tsohon gari zuwa gindin babbar majami'a kafin ƙarfe goma. Tun 1405 garin ke da mai gadi a hasumiyar, asali don hango gobara. Daga goma na dare zuwa biyu yana fitowa da fitila a hannu, ya kira sa'a da bakinsa ta gabas da yamma da kudu da arewa, ba lasifika. Tsaya kusa da ginin, in ka yi nisa ƙarar motoci za ta haɗiye muryar.