Babi na Shida: Tunkiya da Zafin Bazara

Darasi na 1: Ta ina zafi yake fita?

Zafin jikin lafiyayyar tunkiya yana kusa da digiri 39 a ma'aunin Salshiyas, alhali daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Mutum yana yin gumi sosai, iska ta busar da gumin, jikinsa ya yi sanyi. Tunkiya kuwa guminta kaɗan ne, saboda haka babbar hanyar da take fitar da zafi ita ce haki. Duk lokacin da iska ta bi ta cikin hancinta mai laima, ruwan da ke wurin yana bushewa ya tafi da zafi, jinin da ya huce a hancin kuma shi ne yake sanyaya jinin da ke tafiya ƙwaƙwalwa. Kunnuwa da ƙafafu ma suna taimakawa, musamman dogayen kunnuwa irin na Uda da Balami.

Darasi na 2: Ƙirga numfashi

Wannan shi ne aikin da ɗalibai suka fi yin kuskure a kansa, don haka a bi shi a hankali. Ka tsaya nesa kaɗan, kada ka kama tunkiyar, domin tsoro yana ƙara mata numfashi. Ka dubi kwiɓinta, wato gefen cikinta bayan haƙarƙari. Kwiɓin zai taso, sannan ya koma. Tasowa da komawa gaba ɗaya numfashi ɗaya ne. Ka duba agogon wayarka, ka ƙirga har minti ɗaya ya cika.

Zan sake faɗa: tasowa da komawa ɗaya ne, ba biyu ba. Na sha ganin ɗalibi ya ƙirga tasowa daban, komawa daban, ya zo mini da 60 alhali 30 ne, hankalinsa a tashe. Idan ka rikice, babu abin kunya, ka dakata ka fara daga farko. Ka ɗora tafin hannunka a kan ƙirjinka ka gwada da naka numfashin tukuna: ya taso, ya koma, ka ce ɗaya.

Tunkiyar da ke hutawa a inuwa ba ta cika wuce numfashi 30 a minti ba. Idan ka samu sama da 80, zafi ya dame ta. Idan ta buɗe baki, harshe a waje, kai a sunkuye, ka daina ƙirga, ka mayar da ita inuwa, ka jiƙa mata ƙafafu da ƙarƙashin ciki, ka nemi malamin dabbobi.

Wasunku har yau ba su gwada ba ko sau ɗaya, kuma ragon layyarsu yana ɗaure a turke ƙarƙashin rumfar kwano wadda iska ba ta ratsa ta. Wannan sakaci ne. Duk wanda zai zo aji mako mai zuwa ya zo da lambar da ya ƙirga a rubuce, kuma ya tuna tasowa da komawa ɗaya ne.

Darasi na 3: Ruwa da abinci

Narkewar abinci a tumbi tana haifar da zafi, saboda haka a ba da dusa da harawa da sassafe da kuma bayan la'asar. A ajiye ruwan sha a inuwa, kada kwanon ya bushe, musamman ga tunkiya mai shayarwa.

Darasi na 4: Rumfa

Rumfar zana ko ta bunu ta fi ta kwano sanyi. A bar gefunanta a buɗe domin iska ta wuce.