Tukunya cikin tukunya: aikin baje kolin kimiyya

Ni dai ba na yarda ɗalibaina su sayo na'urar da wani ya haɗa su kawo baje kolin kimiyya. Tambaya nake so su fara da ita, wadda za su iya aunawa. Wadda na fi so: shin tukunya cikin tukunya tana hana tumatir saurin ruɓewa?

Ku samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ku saka ƙaramar cikin babbar. Ku cike tsakaninsu da yashi, ku riƙa jiƙa shi safe da yamma, ku rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana ƙafewa, sai ya tafi da zafin. Da wannan dabara Mohammed Bah Abba, wani malami ɗan Najeriya, ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000.

Ku sayi tumatir kashi ɗaya a kasuwar 'Yankaba ta Kano, ku raba biyu: rabi a tukunya, rabi a faranti, a inuwa ɗaya. Don Allah kada a manta da farantin nan, da shi alƙalai za su ga bambanci. Kullum ƙarfe biyun rana ku auna zafin kowanne, ku rubuta, ko da sakamakon bai yi muku daɗi ba. Ku yi da bazara ko hunturu, domin da damina iska na da laima, tukunyar ba ta sanyi sosai.